Yadda Malami Zai Tace Darasin da Aka Turo Masa Kafin Ya Kai Shi Aji

Yawancin sababbin malaman da na gani sun yi tuntuɓe a nan Damagaram, wuri ɗaya suka yi shi. Takardar shirin darasi ta shigo zauren WhatsApp na malamai, darakta ko wani tsohon hannu ya ce ta yi, mutum goma sun bi da madalla, sai sabon malami ya kwafe ta a allo washegari bai ko karanta ta har ƙarshe ba, domin yana jin nauyin tuhumar abin da manya suka yaba.

Da farko ka rufe sunan wanda ya turo, ka nemi inda aka rubuta takardar da ajin da aka yi wa ita. Darasin Kano yana bin manhajar Najeriya, ba lallai ya dace da CE2 ko CM1 namu (aji huɗu da aji biyar na firamare a Nijar) ba, na Faransa kuwa sau da yawa yana ɗauka cewa kowane yaro yana da littafinsa a gabansa.

Mataki na biyu shi ne wanda ake tsallakewa: ka ɗauki alƙalami ka amsa kowace tambaya da kanka, sannan ka mayar da misalan zuwa abin da yaro ya sani. Na taɓa zama a bayan wani aji inda malami ya canza naira zuwa sefa kawai, ya rubuta 100 a allo, ya ce ɗari. Wata yarinya da ke tallar ƙosai da safe ta amsa da lissafin kasuwa, inda dala ɗaya sefa 5 ce, 100 dala ashirin ce, 1000 kuma jika. Ya ce ta yi kuskure, alhali takardar ce ba ta san kasuwar Dole ta Damagaram ba. A ganina, darasin kuɗi da bai fara da dala ba bai cancanci alli ba.

Idan ka gano kuskure, kada ka gyara babba a bainar jama'a. Ka same shi shi kaɗai ka ce, "Malam, na gwada, amma yara sun tsaya a tambaya ta uku," ko ka ajiye maganar sai taron CAPED, inda malamai ke haɗuwa su ƙara wa juna sani kan koyarwa.

Sauran mai sauƙi ne. Ka sauke sau ɗaya, abokan aiki su karɓa ta Xender don kada kowa ya ƙona kuɗin intanet, kuma idan za ka tura gyararren, ka bar sunan mai shi a sama, ka rubuta ajin da ka gwada shi.