Ga masu yawon cin kwalama a Kano

'Yan uwa, in za ku fita da abokai, ku haɗa kuɗinku wuri ɗaya, kowane waje ku sayi kaɗan a ɗanɗana tare, kada ciki ya cika tun a tashar farko.

Masa da ƙosai na safe ne, ku je tun suna kan wuta. Gurasa kuwa ku nufi Jakara, a yi muku bandashe da ƙuli da man gyaɗa, albasa ta ji. Tsire da balangu sai bayan magariba, kuma ku sa mai nama ya mayar da shi kan wuta a gabanku. Wanda ya kwana ba ya ɓuya, ƙamshinsa daban ne.

Ku riƙe canji a aljihu, masu tallan awara da yawa ba sa karɓar tiransifa.