Yadda Za Ka Sa Batirin Kyamara Ya Kai Ka Ƙarshen Biki

Mai ɗaukar bidiyo a ƙauyukan Rano, Gumel ko Haɗejiya ya san tashin hankalin nan: ana shirin fito da amarya, mata sun ɗau guɗa, sai alamar batir ta fara ƙiftawa a kusurwar allo. Yawanci ba laifin kyamarar ba ne. Lissafi ne ba a yi ba tun daga gida, sai kuma zafi da ya daɗe yana cin batirin a ɓoye.

Fara da juya batirin ka karanta bayansa. Za ka ga lamba mai V da wata mai mAh. Ninka su ka raba da 1000, abin da ya fito shi ne ainihin wutar da yake ɗauka, a ma'aunin da ake rubutawa Wh. NP-F970 na Sony yana da 7.2V da kimanin 6600mAh, wato wajen 47Wh, don haka kyamarar da ke shan watt 6 za ta yi kusan awa takwas da shi a takarda. NP-F570 kashi ɗaya cikin uku ne na wannan. Ƙaramin NP-FV50 da ke zuwa da Handycam, ƙaramar kyamarar hannu ta Sony, bai wuce 7Wh ba sosai. Duk abin da lissafi ya ba ka, raba shi biyu, domin a wurin biki zuƙowa kake yi, kana kunnawa kana kashewa, kyamarar kuma tana ta neman fuska a cikin taro. Idan aikin ɗaurin aure da walima da kai amarya zai ci awa biyar, ka fita da wutar awa goma a takarda.

A wurin aiki, allon da ake buɗewa a gefe yana cikin masu shan wuta sosai, musamman idan ka ƙure haskensa saboda rana. Rage shi, ko ka rufe ka leƙa ta ɗan madubin ido in kyamararka tana da shi. Kashe Wi-Fi. Kada ka ɗauka a 4K alhali a waya za a kalli bidiyon, HD ya wadatar. Fitilar dare ta zo da nata batirin daban. Sannan ka daina juyo wa abokan ango abin da ka ɗauka su gani, wannan kaɗai yana cinye mintunan da za ka nema anjima.

Maganar zafi ita ce babba a wajenmu. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, alhali masu ƙera baturan lithium sun fi son a yi musu caji tsakanin digiri 10 da 30. Batirin da ka ciro daga kyamara da ɗumi, bar shi a inuwa kamar rabin awa kafin ka ɗora shi a caja. Yi caji da dare ko da asuba, a kan daɓen siminti, ba kan katifa ko tagar da rana ke duka ba. Jakar kyamara baƙa da aka ɗaure a bayan babur ko aka bari cikin mota a rufe, tanda ce. Abin da ya fi saurin tsofar da batir shi ne ya zauna a cike maƙil cikin zafi na makonni. In ba ka da aiki kusa, kamar lokacin da bukukuwa suka ja baya, ajiye shi da kimanin rabin caji, a cire daga kyamara, ka riƙa duba shi duk wata biyu. Idan ya zube ƙasa ƙwarai, na'urar kariyar da ke cikinsa kan rufe, caja ta ƙi karɓarsa sam.

Maganar cewa sai batir ya mutu murus kafin a sa shi caji ta tsofaffin batura ce na nikel. Lithium ba ya son haka.

Ita ma caja a duba bayanta. Mai ba da 600mA za ta kwashe awa goma sha ɗaya ko fiye kafin ta cika NP-F970, mai 1.5A kuwa wajen awa biyar. Shi ya sa wanda ya kai batir shagon caji da magariba ya karɓo bayan isha'i yake fita da wutar da ba ta kai rabi ba yana zaton ya cika. In da janareta ne, bari ya tashi ya daidaita kafin ka jona, ka kuma zare kafin a kashe shi ko kafin mai ya ƙare ya fara tari, don hawa da saukar wutar nan ne ke ƙona caja. Mai sola ya nemi cajar da ke karɓar 12V kai tsaye daga batirin solar, babu asarar inbata. Ga wa'azi ko saukar Alƙur'ani inda kyamara ke kafe a kan ƙafa, akwai batirin bogi, wato ƙoƙo mai siffar batir da ake sawa a mazaunin batir, mai igiyar wuta da ake jonawa da fawa banki, amma fawa bankin ya kasance yana ba da aƙalla 2A, in ba haka ba kyamarar za ta riƙa mutuwa da zarar ka danna ɗauka.

Wani lokaci batirin lafiyarsa ƙalau, ƙurar hunturu ce ta toshe 'yan ƙarafan da ke bakinsa. Goge su da busasshen auduga ko ɗan tsumma mai laushi, ban da yawu, ban da allura.

Wajen saye kuwa, hannu ya fi ido gaskiya. NP-F970 na ƙwarai ƙwayoyi, wato ƙananan batura, shida ne a cikinsa, nauyinsa wajen giram 300. Wanda aka rubuta wa lamba mai ban mamaki amma ka ɗaga ka ji shi sakayau, ajiye musu kayansu. Manna wa kowane batir lamba da ranar da ka saye shi, ka riƙa juya su bi da bi. Bayan caji 300 zuwa 500 ƙarfinsa zai ragu a fili. Wanda ya kumbura har yake shiga mazauninsa da ƙyar, cire shi nan take, kada ka sake sa shi a caja, kuma kada a zuba shi cikin sharar da ake ƙonawa a bayan gida, yana iya fashewa.