Kurakuran da aka fi yi wajen hutun ƙarshen ajin yoga

Mutum zai kwashe awa guda yana lanƙwasawa yana miƙewa yana zufa, amma da malama ta ce to a kwanta savasana, wato kwanciyar hutu rigingine ta ƙarshen aji, sai ka ga ya naɗe tabarmarsa ya zaro waya ya fice, wai ai an gama. Ba a gama ba fa. A mintuna biyar zuwa goman nan ne bugun zuciya ke sauka, numfashi ya lafa, jiki ya dawo daidai. Kuma ba ƙirƙirar malaman zamani ba ce, littafin Hatha Yoga Pradipika na ƙarni na 15 ya ambaci wannan kwanciyar a matsayin mai gusar da gajiya.

Waɗanda suka tsaya ɗin ma da yawa kwanciyar wahala suke yi. Ka kwanta rigingine ƙafafu a miƙe, ƙugu na ciwo, kai kuma ka daure kana ta lissafin yaushe za a ce a tashi, to wane hutu kenan? Naɗe bargo ko ka ɗau filo ka tura ƙarƙashin gwiwoyi, nan take za ka ji ƙasan bayanka ya saki. In haɓarka na kallon sama wuya ya tanƙware baya, sa tawul a ninke ƙarƙashin kai. Hannuwa su ɗan yi nesa da jiki, tafuka na kallon sama, ƙafafu ka bar su su faɗa gefe yadda suka ga dama. Sannan sanyi, da ka daina motsi jikin da ya yi zufa zai fara hucewa, a ajiye safa ko mayafi kusa tun kafin a fara.

Kuskuren da ya fi yawa a ganina shi ne hutawa da ƙarfin tsiya. Ido a runtse gam, goshi a tamke, haƙora a cije, mutum na ta kokawa da tunani wai sai kansa ya zama fanko, abin da ba zai yiwu ba. Tunani zai zo, ƙyale shi ya wuce ka dawo kan numfashi. In jikin ya ƙi saki, gwada dabarar likitan nan na Amurka Edmund Jacobson, ka damƙe hannu na 'yan daƙiƙoƙi sannan ka sake, ka yi wa kafaɗa haka, fuska ma haka, sai ka gane ashe tun ɗazu a ɗaure kake.

Numfashi ma wasu zuƙa suke yi da ƙarfi da sauri har jiri ya kama su. Ta hanci, a hankali, fitarwa ta fi shaƙa tsawo, misali ka ƙirga huɗu ciki shida waje. Fitarwar ce ke rage gudun zuciya.

Barci kuwa, in ya ɗauke ka ba laifi ba ne, amma ba shi ake nema ba, ko a yoga nidra, wato hutu mai zurfi a kwance da malami ke jagoranta da murya, so ake ka kasance a farke kana jin muryar malami.

Akwai kuma wasu salon hutun. A balasana, wato durƙuso kan dugadugai goshi a ƙasa, masu ciwon gwiwa su daina tilasta wa kansu zama kan dugadugai, a sa filo a tsakani. Jingina ƙafafu a bango akwai daɗi bayan doguwar tsayuwa, sai dai mai hawan jini ko matsalar hawan ruwan ido ya tambayi likita tukuna. Mai ciki da ya yi nisa ta bar rigingine, ta kwanta ta gefen hagu da filo tsakanin gwiwoyi.

Sai tashi. Kar ka zabura zumbur, jini bai gama daidaita ba, shi ya sa wasu ke ganin duhu-duhu. Motsa yatsu tukuna, ka mirgina gefe, ka ɗan numfasa sau biyu uku, sannan ka dafa ƙasa da hannu ka tashi zaune, kanka ne zai ɗago a ƙarshe.