Yadda ake bibiyar jinin al'ada a shekarun da ya kusa ɗaukewa

Yawancin mata jinin al'ada yana ɗauke musu gaba ɗaya ne tsakanin shekara 45 zuwa 55, amma kafin nan akwai shekarun da kwanakin suke rikicewa, saboda sinadarin istrojin, ɗaya daga cikin sinadaran jiki masu tafiyar da al'adar mace, yana hawa yana sauka ba bisa tsari ba. Macen da ta shekara talatin tana sanin ranar zuwan jininta sai ta wayi gari lissafi ya ƙwace mata. Rubutu shi ne abin da zai riƙe miki wannan lissafin, kuma idan kin haura 45 likita ya fi dogara da tarihin da kika kawo fiye da gwajin jini, wanda sakamakonsa kan canza daga wata zuwa wata.

Da farko ki ware ƙaramin littafi ki ajiye shi kusa da gado. Manhajar waya ma tana yi, sai dai kada ki yarda da hasashenta na ranar zuwan jini, domin an gina shi ne a kan al'ada mai tsari.

Ranar da jini ya zo sosai, ba ɗigo ba, ita ce rana ta ɗaya, daga nan kuma ki ƙirga har zuwan na gaba. Misali, idan ya zo 3 ga Maris ya dawo 29 ga Maris, zagayen kwana 26 ne. Idan na gaba bai zo ba sai 5 ga Mayu, kwana 37 ke nan. Bambancin kwana 7 ko fiye da yake maimaituwa alama ce ta farkon wannan mataki, tsallake kwana 60 kuwa yana nuna an yi nisa.

Sai yawan jinin, kuma a nan ne nake ganin mata sun fi sakaci. Kalmar "da yawa" ba ta gaya wa likita komai. Ki rubuta audugar mata nawa kika canza a yini, ko kin tashi canzawa cikin dare, ko ya ɓata zane, da girman gudan jinin da kika gani. Ki rubuta ranar da kika yi wankan tsarki, wanda zai taimake ki wajen lissafin sallah da ramuwar azumi, da kuma lokacin da za ki tambayi malama bambancin haila da jinin ciwo.

Kowane dare ki ƙara layi ɗaya game da jikinki: zafin da ke taso miki daga ƙirji zuwa fuska, gumin dare da ke jiƙa matashi, rashin barci, faɗuwar gaba, saurin fushi, ciwon gaɓoɓi, bushewar gaba. Ki ba kowanne maki daga 1 zuwa 3 gwargwadon tsananinsa, ki kuma lura da abin da ya gabace shi, kamar shayi mai zafi ko yaji.

Akwai abubuwan da ba a jira da su. Ki je asibiti idan jini ya wuce kwana 7, ko kina jiƙa auduga duk awa ɗaya, ko yana dawowa kafin kwana 21, ko kina ganinsa bayan saduwa, domin ƙari a mahaifa da ƙarancin jini sukan ɓuya a bayan "ai shekaru ne". Haka nan duk jinin da ya ɓullo bayan wata 12 cur da ɗaukewa sai an bincika shi. Kafin cikar watanni 12 ɗin nan ciki yana iya shiga, saboda haka jinkirin al'ada yana buƙatar gwajin ciki.

Idan kin tara bayanin wata uku, ki ɗauki littafin ki kai wa likitan mata, tare da sunayen duk magungunan da kike sha, har da na gargajiya.