Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Gina Gidan Zamani da Shirya Ɗakunansa a Birnin Kebbi

Duk wanda ya zaga sababbin unguwannin Birnin Kebbi, daga Gesse zuwa Bayan Kara har ya miƙe hanyar Kalgo, zai ga gidaje masu ɗaukar ido waɗanda aka kashe wa dukiya mai yawa. Sai dai idan watan Afrilu ya kama, zafin rana ya haura digiri 40, kuma aka ɗauke wuta, da yawa daga masu waɗannan gidaje sukan fito da tabarma tsakar gida domin ɗakunan ba sa kwantuwa. Abin da na lura da shi shi ne, yawancin kurakuran da ake yi tushensu ɗaya: mutum ya ga hoton gida a waya, gidan da aka zana domin Abuja ko Dubai ko Turkiyya, ya miƙa wa magini ya ce irinsa yake so, ba tare da an tambayi inda rana take faɗuwa a filin ba, ko ta ina ruwan sama yake bugowa, ko yadda iyalin da za su zauna a ciki suke gudanar da rayuwarsu.

Kuskure na farko tun ranar da aka ja igiyar harsashi ake yin sa, wato dasa gini ba tare da la'akari da tafiyar rana ba. Mutane sukan juya fuskar gida zuwa titi kawai, ko da kuwa titin yana yamma, sannan su jera manyan tagogin gilashi a wannan bango. Ranar la'asar takan shigo kai tsaye, bulo ya sha zafi tun daga azahar har magariba, ya kuma riƙa sako shi cikin ɗaki har tsakar dare. Gyaran shi ne a shimfiɗa ginin ta yadda dogayen bangayensa za su dubi kudu da arewa, a bar gajerun su dubi gabas da yamma, sannan a ajiye ɗakunan da ba a daɗewa a cikinsu, kamar sito da banɗaki da matakala, a ɓangaren yamma domin su tare wa ɗakunan kwana zafi. A fili mai ƙafa 50 da 100 ba kullum ake samun wannan sarari ba, amma ko a nan ana iya rage girman tagogin yamma, a yi musu baranda, ko a dasa dogon yaro ko mangwaro a ɗan nesa da bango yadda saiwarsa ba za ta taɓa harsashi ba. Wanda ya riga ya gama gininsa, rumfa a gaban tagar yamma ta fi labule mai kauri amfani, domin labule yana tare haske ne bayan zafin ya riga ya ratsa gilashi.

Rufi ne ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin a nan aka fi yin asara. Birnin Kebbi tana wurin da rana take ratsawa ta tsakiyar ka a ƙarshen Afrilu da kuma tsakiyar Agusta, saboda haka kwano shi ne ya fi kowane ɓangare na gida shan zafi. Duk da haka an yi yayin kwano baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu, alhali launi mai duhu yana tsotse zafi, mai haske kuwa yana mayar da kaso mai yawa daga cikinsa. Sannan aka zo ana toshe tsakanin kwano da silin ruf, babu ko ƙaramar kafa, iskar da ta yi zafi a ciki ba ta da mafita sai ta sauko ta cikin silin. Abin da ya kamata shi ne a zaɓi kwano mai haske, a shimfiɗa takardar nan mai ƙyalli da ke mayar da zafi a ƙarƙashinsa, a bar kafofin iska masu raga a ƙarƙashin bakin kwano da kuma can sama, domin iska ta riƙa shiga tana fita ba tare da jemage ko tsuntsu ya samu hanya ba. Ya kuma kamata kwanon ya zarto bango da aƙalla rabin mita ta kowane gefe, har da arewa, tun da a watannin da ke tsakanin Afrilu da Agusta rana takan karkata ta can.

Akwai kuma yayin ɓoyayyen rufi, inda ake ɗaga bango ya rufe kwano domin gida ya fito a murabba'i kamar akwati. Ba na cewa ba ya yiwuwa, amma yana buƙatar gwanin gaske. Ruwan da ya sauka a kan irin wannan rufi yana taruwa ne a kwatar kankare da ke bayan bango, kuma wannan kwata takan cika da ƙurar hunturu da busasshen ganye da leda a tsawon rani. Ranar da ruwan farko ya sauko da ƙarfi, sai ya rasa hanya ya koma cikin silin. Na taɓa shiga gidan wani ɗan'uwana a damina ta biyu da tarewarsa, na tarar silin POP ɗin falo ya jiƙe ya rufto a gefe guda, ba don komai ba sai don bututun da aka sa wa kwatar siriri ne ƙwarai. Magabatanmu ma sun yi rufin soro mai bango a kewaye, amma sun san darajar indararo: suna fito da shi waje sosai, suna kuma hawa su share su yi yaɓe kafin kowace damina. Wanda ya zaɓi ɓoyayyen rufi ya faɗaɗa kwata, ya shafe ta da maganin hana yoyo, ya sa manyan bututu fiye da ɗaya, ya bar wata kafa ta ko-ta-kwana da ruwa zai zubo waje idan bututu ya toshe, kuma ya sa a hau a share a watan Mayu. A tuna kuma cewa hadarinmu daga gabas yake tasowa da iska mai ƙarfi, don haka bangon gabas ya fi buƙatar shafe mai kyau, katakon rufi kuma a ɗaure shi da ƙarfe a jikin linta, kada a dogara da ƙusa kaɗai.

A wajen tagogi, an rungumi mai ja gefe, wadda ake kira silaidin, saboda tana da kyan gani. Amma rabinta kawai ke buɗuwa, kuma layin da take gudu a kai yakan cika da ƙura har ta ƙi motsi. Taga mai buɗewa kamar ƙofa tana ba da iska gaba ɗaya, kuma idan tana da roba a bakinta ta fi hana ƙura lokacin hunturu. Mafi muhimmanci dai shi ne kowane ɗakin kwana ya samu taga a bango biyu, domin iska ba ta shiga wurin da ba ta da mafita. Game da ƙarafan tsaro da ake sa wa tagogi, wajibi ne a bar aƙalla guda a kowane sashe mai buɗuwa daga ciki, a ajiye makullinsa a wurin da kowa ya sani, saboda idan gobara ta tare ƙofa wannan ce kaɗai hanyar tsira.

Sai batun ƙasa. Wanda ya ga irin ambaliyar da aka yi a jihar nan a 2012 da 2020 ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kan haɗarin gini a bakin fadama ko a kan hanyar ruwa. Amma ko a kan tudu, ana yin kuskuren barin daɓen gida daidai da titi, bayan 'yan shekaru a zo a yi wa titin ciko da kwalta, gida ya koma rami. A ɗaga daɓe sosai sama da titi, a shimfiɗa leda mai kauri kafin a zuba kankaren daɓe domin laima kada ta hau bango ta riƙa kumbura fenti, a kuma zuba maganin gara a cikin ramin harsashi tun kafin a rufe shi. Bulo kuwa a tabbatar an shayar da shi ruwa na aƙalla mako guda bayan bugawa, domin a zafinmu yakan bushe da wuri kafin simintin ya kama, kuma kankare ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai ya yi kwana 28. Ramin masai ya yi nisa da rijiya ko burtsatse da aƙalla mita 15, idan fili ya ba da dama a ƙara.

Wani abin da ke damuna shi ne yadda ake shafe tsakar gida gaba ɗaya da siminti ko intalok, ba a bar ko taki ɗaya na ƙasa ba. Irin wannan fili yana tara zafin yini ya riƙa huro shi cikin ɗakuna da dare, ruwan sama kuma ba ya samun inda zai nutse sai ya kwarara gidan maƙwabci. A daɓe hanyar mota da ta ƙafa, a bar sauran domin itace da 'yar shuka.

Tsarin cikin gida shi ne inda kwaikwayo ya fi cutar da mu. A gidan Bahaushe na asali, baƙo yana tsayawa a zaure, na kusa ya wuce shigifa, cikin gida kuma na iyali ne. Wanda ya ziyarci gidan tarihi na Kanta a Argungu, tsohuwar fadar da aka gina a 1831, zai ga yadda magina na da suka iya jera ɗaki bayan ɗaki ta yadda kowa yake da iyakarsa. Zanen da ake kwafowa yanzu yakan sa ƙofar shiga ta faɗa kai tsaye cikin babban falo guda, wanda daga cikinsa ake ganin wurin cin abinci da ƙofar kicin da hanyar ɗakunan kwana. Sakamakon haka, duk lokacin da maigida ya yi baƙi, uwargida da 'ya'yanta mata sukan takure a ɗaki har sai an tashi. Gyaran ba shi da tsada idan aka yi shi a kan takarda: falon baƙi ya samu ƙofarsa ta waje da banɗakinsa da wurin alwala, iyali su samu nasu falon da tasu ƙofar, sannan a karkata hanyar da ta haɗa su yadda ido ba zai miƙe ba. A nan ne kuma ake duba alƙibla, wadda a wurinmu take gabas da ɗan karkata zuwa arewa, domin a san inda za a shimfiɗa darduma ba tare da an fuskanci ƙofar da ake yawan wucewa ba, kuma a juya mazaunin banɗaki yadda zuciyar masu gida za ta natsu.

Kicin buɗaɗɗe wanda ya haɗe da falo bai dace da girkinmu ba. Tuƙa tuwon shinkafa, da suyar kifin Yauri, da miyar da aka sa wa daddawa, duk suna da tururi da ƙamshi mai kama labule da kujeru. Kicin ya samu ƙofarsa da babbar taga da ƙofar baya, a kuma tanadi rumfar girki a waje domin gawayi da itace da manyan tukwanen suna ko biki. Tukunyar gas a ajiye ta a waje cikin keji mai shan iska, domin gas ya fi iska nauyi, idan ya yi yoyo a ƙasa yake taruwa. Janareta ma ya yi nisa da tagogin ɗakin kwana, saboda hayaƙinsa yana kisa ba tare da mai barci ya farga ba. Kuma abin mamaki ne a jihar da ta shahara da noman shinkafa a zana gida babu sito na kirki, har buhunan shanshera da gero su ƙare a ɗakin baƙi. Sito ya zama mai kafar iska, a ɗora buhuna a kan katako, kada su taɓa ƙasa ko bango.

Idan aka zo kayan ɗaki, babban kuskure shi ne saye kafin awo. Sau da yawa iyayen amarya sukan biya kuɗin gado da kujeru da kabad tun ba su ga ɗakin ba, sai ranar jere 'yan'uwa su tarar gadon ya cinye ɗaki, kabad ya toshe taga, ko kujera ta ƙi shiga ƙofa. Babu abin kunya a tura mutum da tef ya auno tsawo da faɗin ɗaki, da faɗin ƙofa, da wurin da tagogi da soket suke, a kai wa kafinta. A bar aƙalla santimita 60 a gefen gado domin wucewa da shara, a falo kuma a rage yawan kujeru domin a samu filin shimfiɗa tabarma, tun da har yanzu a ƙasa yawancinmu muka fi sakewa wajen cin abinci da hira.

Nau'in kayan ma abin dubawa ne. Kujerar da aka lulluɓe da ledar da ke kwaikwayon fata takan fara ɓarewa bayan 'yan bazara, kuma tana manne wa jiki idan ana gumi, mai gashi-gashi irin karan-miski kuwa tana riƙe ƙurar hunturu. Yadi mai ƙarfi wanda ake iya cire rigarsa a wanke ya fi dacewa. Katakon MDF, wanda garin katako ne aka matse da gam, yana kumbura da zarar ruwan goge ɗaki ya taɓa gindinsa, don haka a sa masa ƙafafun ƙarfe ko na roba, kuma kada a kai shi ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Katako na gaske ya fi ƙarko, da sharaɗin ya bushe sosai kafin a yi aiki da shi, in ba haka ba zai tsage ko ya karkace a hunturun farko. Kafet mai rufe ɗaki daga bango zuwa bango matattarar ƙura ce, musamman ga mai asma. Darduma da ake iya naɗewa a kakkaɓe a waje ta fi. Tayil mai santsi da ƙyalli kuma a bar shi a falo idan ana so, amma a banɗaki da baranda da wurin alwala a sa mai kaushi, saboda tsofaffi da masu juna biyu.

Silin na POP ya zama ado, sai dai ana saukar da shi hawa-hawa har ɗaki ya gajarce, fanka ta rasa sararin da za ta jawo iska. A bar aƙalla mita 3 daga daɓe zuwa silin, a rage zane-zane masu lungu da ke tara ƙura da yana, kuma kada a sa fitila a saman fikafikan fanka domin hasken zai riƙa rawa yana gajiyar da ido. Kafin a rufe silin ɗin, a ja wayar sola daban wadda za ta ɗauki fitilu da fankoki da firij, a kuma bar ƙofar hawa rufi a wani lungu, ko da ba a da kuɗin sayen farantin sola da batir a yanzu, domin ranar da aka samu hali kada a fasa abin da aka riga aka biya kuɗinsa.