Gaskiyar da ke bayan almara: inda jagoran wasa ke tuntuɓe

Duk mai jagorantar wasan tebur irin Dungeons & Dragons, ko ba daɗe ko ba jima wani ɗan wasa zai tambaye shi: "Labarin halittar duniyar nan da masu hidimar haikali ke bayarwa, da gaske haka aka yi?" Kuskuren farko shi ne a soma wasa ba a tsayar da amsa ba. Jagora ya amsa da ka a zama na uku, ya manta, a zama na goma ya faɗi akasinsa. Maganinsa takarda ɗaya ce, a raba ta gida uku: abin da ya faru, abin da kowace al'umma ke cewa ya faru, da abin da ke ci idan aka jarraba shi. Ba laifi gidan farko ya zauna wayam, muddin da gangan aka bar shi.

Fitattun duniyoyin wasa ma ba su bi hanya ɗaya ba. A Forgotten Realms alloli tabbas ne, har an taɓa koro su doron ƙasa a shekarar 1358 ta kalandar can, wasu suka mutu. A Eberron, wadda Keith Baker ya ƙirƙira ta fito a 2004, manyan alloli ba sa bayyana, imanin mutum ne ke ba shi sihiri. Glorantha ta Greg Stafford, gidan wasan RuneQuest na 1978, ta fi wuyar sha'ani: mabiyan Orlanth, abin bautar guguwa, na cewa ya kashe Yelm, sarkin rana, ya 'yanta duniya daga danniya, mutanen Dara Happa, masu bautar Yelm, na cewa Orlanth ɗan tawaye ne da ya jawo duhu, kuma tsafin kowane ɓangare yana ci.

Kuskure na biyu, wanda ya fi ɓata wasa, shi ne a zaɓi duniya mai rufin asiri a manta da sihirin da ke hannun 'yan wasa. A bugu na biyar na Dungeons & Dragons, sihirin Commune yana ba mai shi tambaya uku, amsarsu i ko a'a, kai tsaye daga abin bautarsa ko wakilinsa. In ba a shirya ba, asirin da aka yi wata shida ana ginawa zai tonu cikin minti ɗaya. Amma ƙa'idar da kanta ta bar ƙofa, domin ta ce abin bautar ba lallai ya san komai ba. Haka sihirin Zone of Truth: ƙaryar ganganci kawai yake hanawa, wanda ya yarda da labarin kakanninsa zai maimaita shi lafiya lau. Speak with Dead, sihirin yi wa gawa tambaya, tambaya biyar ne, gawar kuma ba ta san abin da mai ita bai sani ba yana raye. Saboda haka kada a hana sihirin. A rubuta tun wuri abin da kowane mai amsawa ya sani, da abin da yake so a gaskata.

Akwai kuma masu ɗokin ranar tonon silili, ranar da za a ce duk almarar ƙarya ce, alloli tsofaffin injuna ne. Sau ɗaya yake burgewa, kuma wanda ya shekara yana wasa a matsayin mai hidimar haikali shi aka mayar wawa. In dole sai an tona, a bar wa almarar wani abu da ta faɗa daidai wanda masana suka kuskure.

Kishiyar wannan lalaci ne: "duka gaskiya ne", a wuce wurin. Saɓani ba ya da daɗi sai yana da sakamako. Riwaya biyu ko uku sun isa ga kowane babban lamari, su haɗu a kan abu ɗaya da ba ya motsi, misali rana ta taɓa ɓacewa, su rabu a kan wanda ya jawo. Kowace riwaya a san mai ba da ita, ribar da yake ci da ita, da wata alama da 'yan wasa za su iya taɓawa: kango, kabari, ko ibadar da ke aiki.

Sai kuskuren baki. Idan jagora ya ce da muryarsa "macijin ne ya haɗiye wata", ya zama doka. A sa maganar a bakin wani: tsohuwar mai gadin haikali, ko rubutun jikin dutse. Wanda ya ci gwajin ilimin tarihi kuwa, a ba shi abin da malaman garinsa suka koya masa, a kuma gaya masa waɗanne malamai ne ke musanta shi.