Yadda za ka saba da kiɗan rok ɗin nan mai kama da hayaniya

Ranar da wani abokina ya tura min Trout Mask Replica a waya muna zaune a Farm Centre, wallahi na ɗauka memori ce ta kama bairos, na ce masa malam abin nan fa ya lalace, ya yi ta dariya ya ce ai haka aka yi shi. Faifan mawaƙin Amurka Captain Beefheart ne na 1969, Frank Zappa ne furodusa, kuma duk ruɗanin nan da kake ji kamar jita biyu suna dambe da ganga, sai da makaɗansa suka yi wajen wata takwas a gida ɗaya a Kalifoniya suna bita kullum. Wato da gangan ne. Amma don Allah kar ka fara da shi, zai kore ka.

Mu kunnenmu da magana ya saba. Shata na waƙa, kalangu na binsa, 'yan amshi na karɓa, kai kuma baiti kake jira ka ji wa aka wasa wa aka yi wa zambo. To a nan ka ajiye wannan jiran, murya ma kayan kiɗa ce kawai, wani lokacin ko Turawan ba sa gane me ake cewa.

Ka fara daga kusa da gida. Nemi Mdou Moctar na Nijar, ka ji yadda jitarsa ke kuka, kunnenka zai gane hanyar. Daga nan ka wuce faifan Remain in Light na ƙungiyar Talking Heads, 1980, wanda suka yi da furodusa Brian Eno, za ka ji ƙamshin kiɗan Fela a ciki don sun saurare shi sosai. In wannan ya zauna maka sai ka shiga ƙungiyar Can, 'yan garin Kolon na Jamus, faifansu Tago Mago na 1971. Akwai waƙa a ciki da ta haura minti 18, mai gangarsu Jaki Liebezeit ya riƙe bugu ɗaya yana ta juya shi ba gajiya, kuma nan ne ni abin ya kama ni, don duk wanda ya taɓa zama gaban masu garaya ko kiɗan ƙwarya ya san yadda maimaici ke ɗauke mutum har ya manta inda yake, abu ɗaya ne kayan aikin ne kawai suka bambanta.

Dabarar ita ce ka zaɓi abu ɗaya ka bi shi. Saurare na farko ganga kawai, na biyu ka bi jita mai kaurin murya, na uku sai ka saki kunne gaba ɗaya. Ƙarar da ke damunka ma ka tsaya ka ji yadda aka haɗa ta, su Sonic Youth na Niyok har sandar ganga da sukudireba suke cusawa ƙarƙashin tsirkiyar jita don su samu wani sauti daban.

Sai wuri da lokaci. Bayan isha, in unguwa ta yi shiru janareton maƙwabta ya mutu, ka sa iyafis mai kyau, ba na ɗari biyar ɗin nan da kunne ɗaya ke mutuwa bayan kwana biyu ba, don sau da yawa abin da ke kunnen hagu daban yake da na dama. Kar ka riƙa tsallake waƙa. In sau uku ka ji faifai bai shige ka ba ka bar shi sai bayan wata guda, ni Beefheart ɗin nan sai a shekara ta biyu muka shirya, har yanzu ma akwai waƙoƙinsa da nake wucewa.

Kuma kar ka kunna a majalisa ko cikin adaidaita. Na gwada sau ɗaya a hanyar Kabuga, wani dattijo ya juyo ya ce yaro lafiya kuwa, ko in yi maka tofi?